Baba Kirihara, Mai Zaɓa wa Maharba Ido

Ƙarfe shida da rabi na safe, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka tarar da Baba Kirihara Isamu a ƙofar shagonsa da shebur a hannu. Idan ya share hanya sai ya shiga, ya kunna murhun kananzir, ya ɗora buta, ya wanke hannu da ruwan ɗumi har sau biyu. Ba ya taɓa gilashi da hannu mai sanyi, wai yatsun da suka sandare ba su san nauyinsu ba. Sannan ya buɗe kabad ɗin da madubai na hangen nesa, waɗanda ake ɗaura wa bindiga, suke kwance a kan ƙyalle, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ya hure musu ƙura, ya kai ido ya leƙa ta tagar baya.

Tagar tana kallon gonar gwoza. Bayan gonar akwai tsohon rumbun ciyawa mai jan rufi, kuma Baba ya san nisan da ke tsakaninsa da rumbun nan kamar yadda ya san shekarunsa: mita ɗari uku da goma sha biyu. Duk madubin da ya kasa nuna masa kusoshin da ke jikin ƙofar rumbun, to ba zai kwana a kabad ba, inda ya fito za a mayar da shi. Sabon kaya kuwa, sai ya binne shi cikin ƙanƙara awa guda, ya ɗauko ya ajiye kusa da buta. Idan ya ga gumi daga ciki, ya gama magana, shi ma mayar da shi za a yi.

Ƙarfe takwas matarsa, Inna Fumie, takan sauko daga bene da shinkafa da miyar miso ta waken soya da gasasshen kifi. A tsaye yake ci, ita kuma kullum sai ta yi masa faɗan cin abinci a tsaye, shi kuma kullum sai ya ce gobe zai zauna.

Shekara arba'in da huɗu ke nan ana haka. A ƙarshen watan Maris ɗin nan, ranar da za a rufe farautar bana, Baba zai sauke ƙofar shagon, ba zai sake ɗaga ta ba. Na san ba wanda zai zo daga babban birninmu, Sapporo, da lambar yabo, domin aikinsa ba irin wanda ake gani ba ne. Shi ya sa ni, Odagiri Sumire, da ban iya komai ba sai tatsar shanu, na ce bari in rubuta abin da na gani da wanda aka faɗa mini.

Ni ba sha'awa ce ta kai ni farauta ba, barewa ce. Shekara uku a jere garke yana shigowa gonarmu yana cinye masarar da muke noma wa shanu, har wata shekara sai da muka rabu da saniya takwas saboda babu abincin da zai fitar da su hunturu. Mijina ga ciwon baya, ba ya iya doguwar tafiya. Sai na je na yi jarrabawa, na karɓi lasisi. Shekara goma ina riƙe da bindigar gajeren zango kamar yadda doka ta ce, kafin a yarje mini mai dogon zango. Ranar da takardar ta fito ban ko tsaya cire takalmin turke ba, na nufi shagon Baba da shafin mujalla da na yago.

Na shimfiɗa masa a kan tebur. Na ce, "Wannan nake so, Kirihara-san."

Ya ɗauka, ya nisanta da idonsa, ya matso da shi. Ya ce, "Mai jawo abu ninki ashirin da huɗu. To fa! Wata za ki harbo, ko tauraro?"

"Barewa."

"Barewar ina? Ta gonarki, ko ta wata ƙasa?"

Ban yi dariya ba. Shi ma bai damu ba, ya jawo mini kujera ya hau tambaya. A ina nake tsayawa idan na fita? Da safe ne ko da yamma? Taku nawa ne daga turken shanu zuwa shingen ƙarshe? Me ke bayan shingen, tudu ne ko hanya? Idan na daɗe ina karatu kaina yana ciwo? Daga nan ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya sa na rufe ido ɗaya, ya nuna mini allon haruffa da ya yi ja saboda tsufa. Allon mahaifinsa ne, wanda ya yi sana'ar tabarau a Obihiro, kuma a hannunsa Baba ya koyi gwada ido tun yana ɗan makaranta.

Ya ce, "Idonki na dama yana karkata layi. Je ki a yanka miki tabarau, ki dawo bayan sati biyu."

Na ce, "Haba Baba! Shekara goma fa nake jira."

"To, sati biyu ba zai tsofar da ke ba."

Haka na fita hannu rabbana, ina ƙunƙuni har mota.

Da na dawo sanye da tabarau, na tarar ya samo irin madubin da na nuna masa, ƙato kamar taɓarya, ya ɗaura shi a kan ƙotar katako. Ya miƙo mini ya ce akwai hankaka a kan rumbu, in nemo masa shi. Na ɗaga, na ga ja, na ga sama, na ga ja. Duk bugun da zuciyata ta yi sai duniya ta yi tsalle. Kafin in gano rufin, hankakan ya gaji ya tashi. Sai ya ɗaura wani ɗan madaidaici, mai jawowa daga ninki uku zuwa tara. Ina ɗagawa rumbun ya zauna a idona cif, da gonar da ke gabansa da itatuwan da ke bayansa.

Ya ce, "Kin gani? Babban yana jawo barewa, yana kuma jawo rawar hannunki. Ya toshe miki dama da hagu, kuma da rana ta yi ƙasa sai ya dushe. Ke a gonarki ba ki da harbin da ya wuce mita ɗari biyu. Haske kike bukata, da ganin abin da ke kewaye."

Ya auna tazarar idona da gilashin da yatsu huɗu, ya ja madubin gaba kaɗan, ya ce in ba haka ba ranar da bindiga ta yi baya za ta tsaga mini gira, mijina ya zo ya kama shi da faɗa. Ya ƙara tudun fata a kan ƙota saboda wuyana gajere ne, don kumatuna su riƙa zama wuri ɗaya kullum. Ina murna ƙaramin ya fi araha, sai ya ɗauko madubin hange mai ido biyu, irin wanda ake ratayawa a wuya, ya ajiye kusa da shi.

Na ce ba na bukata, ai ga madubi a kan bindiga.

A nan ne na fara ganin fuskarsa ba murmushi. Ya ce, "Sumire, saurara. Duk abin da kika leƙa ta madubin bindiga, kin riga kin ɗora masa bakin bindiga. Da na wuya ake tambaya ko mene ne. Na bindiga sai bayan an sani. Idan ba za ki ɗauki wannan ba, ajiye mini wancan ma."

Na ɗauka, raina bai so ba.

Kai ne ka kai ni filin gwaji da ke bayan tsohon wurin fasa dutse, Baba, ran Lahadi uku a jere, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Ka zauna a gefena da gorar shayinka, ina harba uku uku kana murɗa saiti kaɗan kaɗan. Ka hana ni gwaji da harsashi mai araha, ka ce wanda zan fita da shi daji, na tagulla, da shi za a daidaita, domin kowanne da yadda yake sunkuyawa idan ya yi nisa. Ka koya mini kallon kan ciyawa don in san inda iska za ta tura shi. Ranar ƙarshe ka yanko farin tef ka manna a ƙotata, ka rubuta ɗari da tamanin. Ka ce wannan ce iyakata, abin da ya wuce haka in yi masa sallama ya tafi.

Ba ni kaɗai ba ce. Kowane maharbi a yankinmu yana da tef ɗin nan a ƙotarsa, kuma ba a son a leƙa na juna. Wanda ya ga an ƙara masa mita ashirin, ranar sai ya saya wa mutane taliya.

Akwai wani likitan haƙori da ya zo daga Sapporo cikin mota mai ƙyalli, ya ce ya ga ana harbo barewa daga mita ɗari shida a bidiyo, shi ma irin wannan madubin yake so, kuma ko nawa ne a faɗa. Maharba biyar suna zaune a bakin murhu ranar, duk sun shaida. Baba ya ce to, amma su fara zuwa fili. Ya kafa farantin takarda a mita ɗari uku, ya ce, "Likita, faɗin nan shi ne ƙirjin barewa. Ruga da gudu ka taɓo motarka ka dawo, sannan ka harba."

"Gudun na mene ne kuma?"

"A daji ba a kan kujerar asibiti za ka same ta ba. Tudu za ka hau."

Likita ya ruga, ya dawo yana haki, ya harba biyar. Aka je aka duba faranti, fes, ko ƙwarzane babu. Wani daga cikin dattawan ya ce a mayar wa Inna Fumie ta zuba kifi a kai, ai sabo ne. Likita ya yi ja har kunne. Baba bai yi dariya ba, ya dafa shi ya ce, "Ba abin kunya ba ne. Faranti ba ya jin zafi. Gara ka kuskure shi sau ɗari." Mutumin nan ya koma gida da ƙaramin madubi da tef mai lamba ɗari da ashirin. Yau shekara tara ke nan yana zuwa duk kaka da kwalin alewa, kuma lambarsa ta kai ɗari biyu da hamsin.

Na daɗe ban san dalilin wannan tsanani ba, kuma ban san me ya sa mutumin da ya fi kowa sanin bindiga ba ya fita farauta ba. Baba Teshima Rokuro ne ya faɗa mini, amininsa tun suna samari, wanda shi ake buga wa waya duk lokacin da beyar, ƙatuwar dabbar dawan nan mai farata, ta sauko gonar masara. Ya ce suna da shekara talatin suka fita tare, Kirihara ya hango barewa a ƙetaren kwari, nesa ƙwarai, ya harba da madubin aro da ba a ɗaure da kyau ba. Harsashin ya same ta a muƙamuƙi. Kwana uku suna bin jini. Suka same ta a bakin rafi, tana kai baki ga ruwa ba ta iya sha. Teshima ne ya ƙarasa ta, domin Kirihara ya kasa ɗaga hannu. Da suka dawo gari Kirihara ya miƙa bindigarsa ga hukuma, bayan wata shida ya buɗe shago.

Teshima ya ce, "Kada ki ce masa na faɗa miki." Ga shi yanzu na faɗa wa kowa. Ka yafe mini, Baba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu kuwa, a shekarata ta huɗu da doguwar bindiga ya faru, a watan Oktoba. Rana ta fito amma hazon safe bai gama tashi ba. Ni da ƙanin mijina, Noboru, muna tsaye a bakin gona, sai muka ga motsi a gindin itatuwa, wajen mita ɗari da hamsin. Abu ne ruwan ƙasa, ya sunkuya, ga fari fat a bayansa yana lilo, daidai inda farin gindin barewa yake. Daren jiya garken ya tattake mana kusan kadada guda, raina a ɓace yake.

Noboru ya yi raɗa, "Ga ta can, Yaya! Yi sauri, za ta shige."

Bindigar tana kafaɗata. Nisan bai kai iyakata ba, bayan wurin tudu ne, komai ya yi daidai. Ban san lokacin da hannuna ya sauke ta ya kai ga na wuya ba. Ba tunani na yi ba, sabo ne kawai.

"Me kike jira ne? Haba Yaya!"

Na murɗa, hoton ya fito. Inna Setsu ce, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layinmu, cikin rigar sanyi ruwan ƙasa, ta soke farin tawul a bayan ɗamararta, tana tsinkar inabin daji tana zubawa a kwando. Har motsin bakinta na gani, waƙa take yi.

Na zauna a cikin laka, na zare harsashi, na miƙa wa Noboru madubin. Ya duba, ya juya ya yi amai.

Ban je gida ba, shagon na wuce. Baba yana ganin fuskata ya juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ya zaunar da ni kusa da murhu. Inna Fumie ta sa mini kofin shayi a hannu, ta riƙe hannun nawa da nata saboda yana zuba. Na ba su labari. Na ce na gama, gobe zan kai bindigar ofishin 'yan sanda.

Baba ya ce, "Kin harba?"

"A'a."

"Kin ɗora mata bakin bindiga?"

"Na fara ɗagawa."

"Kin sauke. To, ke ce irin wadda ya kamata ta riƙe bindiga. Wanda bai taɓa jin wannan rawar jikin ba shi nake tsoro. In kin ajiye, barewa ba za ta daina zuwa ba, wani ne zai zo ya tsaya a wurinki, kuma ban san shi ba."

Kai ne washegari ka rufe shago ka tafi Obihiro, ka dawo da kwali cike da huluna ruwan goro masu ƙyalli. Ka bi gida gida, duk tsohon da ka san yana shiga daji neman ganye ko inabi, ka ba shi. Ba ka ambaci sunana ba. Inna Setsu ta ce ita ba za ta sa ba, za ta yi kama da kabewa. Ka ce ai kabewa ba a harbinta. Ta yi dariya ta karɓa, ta cusa maka kwalbar ruwan inabi a aljihu. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ta ga auren jikarta, ta rasu a kan shimfiɗarta. Har ta tafi ba ta san komai ba.

Aiki mafi nauyi da na ga ya yi, a kan amininsa ya yi shi. Shekara shida da suka wuce Baba Teshima ya kawo bindigarsa ya ce madubin ya lalace, yana ganin hayaƙi. Baba ya leƙa ta taga, ya ga kusoshin rumbu ɗaya bayan ɗaya. Ya duba zoben da ake murɗawa don daidaita ido, ya tarar an murɗe shi har ƙarshe. Ina shagon ranar, na zo sayen man shafa wa bindiga.

Baba ya ce, "Rokuro, tsaya a bakin ƙofa ka karanta mini layi na huɗu."

"Kai, rabu da ni da allonka. Bara aka gwada ni, na ci."

"Bara ce. Karanta."

Teshima ya karanto layin tsaf, ba gargada. Baba ya sa hannu ya kife allon, ƙasa ta koma sama. Ya ce ya sake. Teshima ya kasa karanto ko harafi ɗaya. Ashe shekara da shekaru yana zama a gaban allon nan, ya haddace shi.

Teshima ya ce, "Sa mini wanda ya fi wannan ƙarfi kawai."

"Babu shi. Ko akwai ba zan sa ba."

"Beyar goma sha bakwai na kashe wa garin nan! Kai da ka ajiye bindiga saboda barewa ɗaya za ka gaya mini?"

Na ga maganar ta shigi Baba, amma muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Ni ne zan gaya maka. In ban faɗa ba wa zai faɗa? Duk tsoronka suke ji."

Teshima ya fizgi bindigarsa ya fita. Hunturun nan gaba ɗaya bai taka shagon ba, ko a hanya suka haɗu sai ya kau da kai. Kujerarsa ta bakin murhu ba wanda ya zauna a kai. Inna Fumie ta ce mini Baba ya rame, abinci ma sai ta tsaya a kansa. Amma bai je ya ba da haƙuri ba, bai kuma kai ƙararsa ko'ina ba. Abin da ya yi, ya samu 'yar Teshima ya ba ta sunan likitan ido.

Da ƙanƙara ta fara narkewa sai ga Teshima ya turo ƙofa, an yi masa aiki a ido ɗaya, ɗayan likita ya ce ba ya gyaruwa. Ya riga ya miƙa bindigarsa ga hukuma da kansa. Ya ajiye tsohon madubinsa a kan tebur, ya ce, "Ga shi, sayar wa wani mai ido." Ya zauna a kujerarsa kamar jiya ya tashi, ya ce shayin gidan nan har yanzu ruwa ne zalla?

Baba bai sayar ba. Ya sassaƙa masa mariƙi na katako, ya daidaita shi da idon da aka gyara, ya mayar masa. Ya kuma je ya samu shugabannin ƙungiyarmu ta maharba ya ce kada a sake fita neman beyar ba da Teshima ba, domin sawu da iska da inda dabba za ta ɓullo, ba a ido kaɗai suke ba. Har yau in an fita yana gaba da sandarsa, yana zagin matasa, suna jin daɗi.

A watan Nuwamban da ya wuce Baba ya ɗaura wa likitan nan na Sapporo sabon madubi. Da safe, kafin mai shi ya zo ɗauka, ya sake dubawa da zaren da yake ratayawa a bango mai ɗan ƙarfe a ƙasa, sai ya ga layin cikin madubin ya karkace kaɗan. Karkatar da ni ko shekara zan yi ina kallo ba zan gani ba. Ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya lura yatsunsa suna rawa a kan sukurun. Ya gyara, ya ba mai kaya kayansa daidai. Da azahar ya hau bene ya ce wa Inna Fumie bana ce ta ƙarshe.

Muka taru muka roƙe shi. Muka ce kuskure ɗaya ne cikin shekara arba'in da huɗu, kuma shi ya kama shi da kansa. Ya ce na biyun ba lalle ne ya kama ba.

Teshima yana zaune, sai da muka gama ya ce, "Ni na so a ce ni zan gaya maka, in rama."

Baba ya ce, "Da wane idon za ka gani?"

Suka yi ta dariya su biyu, har Teshima ya ciro hankici, ya ce hayaƙin murhu ne ya shige masa ido. Murhun kananzir kuwa ba ya hayaƙi.

Baba Kirihara, idon maharban yankinmu, ga godiyarmu. Manoman da masararsu ta kai girbi suna godiya. Matan da mazansu suka fita da asuba suka dawo da yamma suna godiya, har da waɗanda ba su san akwai abin godiyar ba. Kai ne ka mayar da mai saye hannu wofi lokacin da sayarwa ta fi sauƙi. Kai ne ka yarda amininka ya yi fushi da kai wata huɗu don kada ya kwana da abin da ba ya wankuwa. Ni kuwa, ba ni da kalmar da za ta ɗauki abin da ka tsare ni daga gare shi.

Ku matasa da kuke shigowa wannan harka, yanzu kaya ta waya kuke saye, a kawo muku har ƙofa, ba mai tambayar ku me ke bayan shingenku. To, ku tambayi kanku. Ku je a gwada idonku, ku san iyakarku, ku rubuta ta inda za ku riƙa gani. Wanda kuma yake da hannu da haƙuri a cikinku, ya je ya zauna kusa da tsohon nan tun yana iya nunawa, Baba ya ce ƙofar bene a buɗe take. Masu sayar da wasu kayan ma, kowane iri ne, ku koyi cewa a'a idan a'a ce gaskiya.

A wurin taron maharba, labarin harbin da ya samu ake bayarwa, ana auna ƙaho ana tafi. Naka aikin ba ya cikin waɗannan, Baba. Yana cikin harsasan da aka zare aka mayar aljihu, waɗanda ba wanda ya ji ƙararsu. Shekara arba'in da huɗu, ba a taɓa ɗauko mutum a kan makara daga dajinmu ba.

Sannu da aiki, Baba. A huta lafiya.